Daga Kano zuwa Matsumoto, garin malamin goge

Ɗan 'yar'uwata da ke karatun digiri na uku a Japan ne ya ja ni wannan tafiya. Tun da ya je yake damuna a waya: "Kawu, tunda aikinka horar da malaman firamare ne, ya kamata ka zo ka ga garin nan da idonka." Garin shi ne Matsumoto, a lardin Nagano, can cikin duwatsun tsakiyar ƙasar. Abin da yake son in gani kuwa aikin da wani tsoho ya bari ne, Shinichi Suzuki, makaɗin gogen Turawa da ake kira bayolin, wanda ya rasu a 1998 yana da shekara 99. Sunan ba baƙo ba ne a wurina, duk wanda ya karanci tarbiyyar ƙananan yara ya ci karo da shi a littafi. Sai dai mu da muka tashi ana nuna mana mai goge a matsayin abokin 'yan bori, da wuya mutum ya ɗaura niyyar tsallaka teku don ya ga gidan mai goge. Ana nan sai ga gayyatar wani taro kan ilimin yara a Tokyo, masu taron kuma suka ɗauki nauyin tikiti. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Biza a Abuja na neme ta, a ofishin jakadancin Japan da ke Maitama. Sun nemi takardar gayyata, da bayanin asusun banki, da jadawalin da zai nuna inda za ka kwana kowace rana, saboda haka tun daga gida na rubuta Matsumoto a ciki. Ranar tafiya na bi mota zuwa Kaduna, muka sha shingaye kamar kullum, direba na sauke gilashi yana miƙa gaisuwa. Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja. Jirgin Habasha ya kwashe mu zuwa Addis Ababa, muka sauya wani cikin dare, ya yada zango a Incheon ta Koriya ta Kudu, sannan Narita. Ban da ciwon baya babu abin ba da labari a ciki.

A Narita an ɗauki hoton yatsuna biyu da na fuska, ba a daɗe ba aka manna mini takardar shiga a fasfo. Yaron ya riga ya ja mini kunne kada in kuskura in ɗauko kilishi ko dambun nama, don dokar ƙasar ta hana shiga da nama, kuma akwai karnuka masu shinshina kaya. Na gan su kuwa, ƙanana masu dogon kunne, sanye da 'yar riga, suna zagaya jakunkuna. Tsarabar da na riƙo masa ita ce kuka da yaji da garin kunu da daddawa. Jami'in kwastan ya nemi izini kafin ya buɗe jakar, ya ɗaga ƙullin daddawa ya kai hanci, na ce a raina yau na shiga uku. Sai ya yi murmushi ya ce, "Natto?" Ashe su ma suna da tasu ta waken suya, mai yauƙi, da ita suke karya kumallo. Ya mayar mini da ƙullin da hannu biyu, har da rusunawa.

Taron Tokyo irin na ko'ina ne, jawabi da shayi. Sallah ce ta tsaya mini a rai. Na shimfiɗa darduma a ɗakin otal na duba waya, sai ta nuna mini alƙibla wajen faɗuwar rana, ta ɗan karkata arewa. Tun da na yi wayo gabas nake fuskanta, yau ga ni na ba ta baya. Sai da na je Juma'a a babban masallacin da Turkawa suka gina a unguwar Yoyogi-Uehara, na ga sahu ya kalli inda wayar ta nuna, sannan hankalina ya kwanta. Ga kuma tazarar awa takwas tsakaninmu da gida, ina shirin kwanciya iyalina suna alwalar azahar.

Yaron ya zo ya ɗauke ni a tashar Shinjuku, kuma gara da ya zo, don tashar gari ce guda a ƙarƙashin ƙasa, mutane na kwarara ta kowace kusurwa ba mai kallon wani. Lissafin kuɗinsu bai ba ni wahala ba. A lokacin yen ɗaya kusan naira goma ne, duk farashin da na gani sai in ƙara masa sifili, gabana ya faɗi. Tikitin jirgin da ake kira Azusa zuwa Matsumoto a lokacin yen 6,600 ne da 'yan kai. Bas ya fi araha, wajen 4,000, amma yaron ya ce kawunsa ba zai shiga bas ba. Saman kowace kujera akwai 'yar fitila: kore an saya, ja babu kowa, rawaya mai ita yana gab da shigowa. Mai duba tikiti bai tambayi kowa komai ba, fitilun kawai yake bi da ido. Tafiyar awa biyu da rabi ce da 'yan mintuna. Muka ratsa ramukan duwatsu, muka faɗa kwarin Kofu mai gonakin inabi, dutsen Fuji ya leƙo ta bayanmu da farin rawaninsa ya ɓace, muka bi gefen tafkin Suwa. A cikin taragon ko tari mutum ya yi sai ya ji kunya.

Matsumoto na kan tudu, kusan mita 600 sama da teku, kuma ƙarshen Oktoba ne, saboda haka sanyin da ya tarbe ni a bakin tasha ya fi ƙarfin babbar rigata. Dole na sayi rigar sanyi na cusa a ƙarƙashinta. Ta yamma ga jerin duwatsu har sun fara ɗaukar ƙanƙara. Abin da ya fi ba ni sha'awa a garin ruwa ne. Kusan kowace unguwa akwai rijiya ko idon ruwa da ke ɓuɓɓugowa dare da rana, da 'yar moda a ajiye, kowa ya zo ya cika gorarsa kyauta. Na daɗe tsaye ina kallon ruwan sha yana malala cikin kwata, ina tuna 'yan garuwan unguwarmu da kurarsu.

Na sauka a wani ƙaramin otal kusa da tasha, yen 7,500 kwana ɗaya. Ɗakin in ka buɗe akwati to ka rufe hanya, amma banɗakin yana da famfon tsarki a jikin masai, har da ruwan ɗumi, butar da na ɗauko ba ta yi aiki ba. Abinci ne jidali. Naman alade da giyar shinkafa suna ɓuya cikin miya da romo inda ba ka zata ba, sai yaron ya karanta bayan kowace leda kafin in kai baki. Mafi yawan kwanakin, curin shinkafa mai kifi a ciki na ci, wajen yen 150 kowanne, da tuffa, don Nagano gidan tuffa ne. Taliyarsu ta soba, wadda garin ke alfahari da ita, na ci ta da gishiri da wani koren yaji mai suna wasabi da ke hawa hanci maimakon harshe. A nan ne mai gidan abincin, don ya karrama baƙo, ya kawo mana faranti na jan nama yankakke siriri, ɗanye. Na tambaya, aka ce doki ne. Na yi godiya, na tura wa na kusa da ni. Mun kuma hau tsohuwar fadar garin, baƙa wuluk, ginin katako na ƙarshen ƙarni na 16 mai hawa shida a ciki. Ka riƙe takalminka a leda, ka hau matakalar da ta kusa miƙewa tsaye. Gwiwoyina ba su yafe mini ba har na bar garin.

Gidan Suzuki yana unguwar Asahi, arewa da fadar. Da ba a nuna mini ba da na wuce shi, don gida ne na mai rufin asiri, da 'yar farfajiya da bishiyoyi. Yanzu an mayar da shi wurin tunawa da shi. Ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka sa silifas. A ciki akwai teburinsa, da hotuna, da lambobin yabo, da rubutun da yakan yi da burushi a kan kwali ya raba wa ɗalibai. Wata dattijuwa ta bi mu ɗaki-ɗaki tana bayani, yaron yana juya mini da Hausa.

An haifi Suzuki a Nagoya ranar 17 ga Oktoban 1898. Mahaifinsa Masakichi asalinsa mai ƙera shamisen ne, garayarsu ta gargajiya mai tsirkiya uku, sai ya ga gogen Turawa ya kwaikwaya, har ya kafa masana'antar farko a Japan da ke fitar da shi da yawa. Suzuki ya tashi cikin goge amma bai san daɗinsa ba, shi da 'yan'uwansa kayan wasa suka ɗauke shi. Makarantar kasuwanci aka sa shi don ya taimaki uban. Sai da ya kai shekara 17 ya ji faifan garmaho na gwanin goge Mischa Elman yana kaɗa Ave Maria ta Schubert, ya rasa yadda aka yi katakon da suke sassaƙawa kullum yake irin wannan kuka. Ya ɗauko guda daga masana'anta, ya dinga sa faifai yana kwaikwayo, ba malami ba takarda. A ganina duk abin da ya gina daga baya daga nan ya samo tushe, domin kunne ne malaminsa na farko.

Wani basarake, Yoshichika Tokugawa, shi ya tsaya masa ya je Tokyo ya yi karatu wurin wata malama, Ko Ando, sannan ya tafi da shi Turai yana ɗan shekara 22. Ya shekara takwas a Jamus yana ɗaukar darasi wurin Karl Klingler a Berlin, wanda shi kuma almajirin shahararren mai goge Joseph Joachim ne. A can ya auri Bajamushiya mawaƙiya, Waltraud Prange, a 1928, suka dawo Japan. Ya haɗa ƙungiyar makaɗa huɗu da 'yan'uwansa uku, yana kuma koyarwa a makarantun kiɗa na Tokyo. Mai fara goge a shekara 17 ba ya zama gwanin gwanaye, shi ma bai zama ba. Da a nan ya tsaya da yau babu mai tuna shi.

A 1931 wani uba ya kawo masa ɗansa ɗan shekara huɗu ya ce a koya masa. Suzuki bai taɓa koyar da yaro ƙarami haka ba. Yana ta juya abin a ransa, har wata rana suna tsakiyar gwaji da 'yan'uwansa tunani ya faɗo masa: ai duk yaran Japan suna jin Japananci. Yaran Osaka suna karya harshe irin na Osaka, mai wuyar kwaikwayo, kuma babu wanda ya faɗi. Mutane suka yi masa dariya, wai wannan ma magana ce? Amma shi abin da ya hango daban ne. Idan kowane yaro ya iya abu mai sarƙaƙiya kamar harshe kafin ya shekara biyar, to babu yaron da aka haifa daƙiƙi. Hanyar da aka bi aka koya masa magana ita ce ba a bi a sauran abubuwa: ya yi ta ji tun yana goye, ya maimaita kalma ɗaya sau dubbai, uwa ta yi murna duk lokacin da ya furta, ba a jefar da tsohuwar kalma don an koyi sabuwa, kuma ba a ba shi littafi sai bakinsa ya buɗe. Wannan ɗan shekara huɗun shi ne Toshiya Eto, wanda ya girma ya yi wasa a zauren Carnegie na New York, ya koyar a makarantar Curtis ta Philadelphia.

Dattijuwar ta daɗe a gaban hoton wani yaro. Koji Toyoda ke nan, wanda ya fara zuwa wurin Suzuki yana ɗan ƙarami, iyayensa suka rasu lokacin yaƙin duniya na biyu, malamin ya sa cigiya har aka gano shi, ya ɗauke shi ya riƙe a gidansa. Toyoda ya zama jagoran masu goge na ƙungiyar makaɗan rediyon Berlin daga 1962 zuwa 1979, kuma bayan rasuwar malaminsa shi ya gaji shugabancin cibiyar koyarwar da Suzuki ya kafa. Suzuki da matarsa ba su haihu ba.

Bayan yaƙi aka gayyaci Suzuki Matsumoto, aka buɗe makarantar kiɗa a 1946. Sharaɗinsa shi ne ba ya son gyaran manya, yara yake so, kuma ba za a yi wa kowane yaro jarrabawar shiga ba. Ya sha nanatawa cewa ba makaɗa yake son fitarwa ba, mutanen kirki yake nema, ga ƙasa ta fito daga yaƙi a ragargaje. A 1955 yara sama da dubu suka tsaya a wani zauren wasanni a Tokyo suka kaɗa tare. A 1958 aka nuna fim ɗin irin wannan taro a kwalejin Oberlin ta Amurka, malaman goge suka kasa gaskata idonsu, har ɗayansu, John Kendall, ya taso takanas a 1959 ya zo ya gani. A 1961 tsohon gwanin babban goge Pablo Casals ya saurari yara 400 a Tokyo, ya rungume Suzuki yana hawaye. A 1964 Suzuki ya kai yara goma zagayen biranen Amurka, daga nan abin ya bazu duniya, ya shiga fiyano da sarewa da sauran kayan kiɗa. Duk da haka tsohon bai sauya hali ba. Yakan tashi tun ƙarfe uku na dare ya saurari kaset-kaset ɗin da yara ke aiko masa daga ko'ina cikin Japan idan sun kammala mataki, ya naɗa wa kowa amsa da muryarsa. Ya rasu a Matsumoto ranar 26 ga Janairun 1998.

Tarihi na iya karantuwa daga Kano. Abin da ya biya kuɗin jirgi shi ne darasin da na zauna na kalla. Matar wani abokin karatun yaron tana kai 'yarta wurin wata tsohuwar malama da ta yi horo a hannun Suzuki kansa, ita ta nema mana izini. Ɗaki ne a gidan malamar, da fiyano a kusurwa da tabarmi a ƙasa. Yaron farko bai fi shekara uku ba, kuma ba goge aka ba shi ba. Kwalin biskit ne aka manna wa rula, ya maƙale shi tsakanin haɓa da kafaɗa. A ƙasa an zana sawun ƙafafunsa a kwali, ya taka daidai. Darasinsa duka shi ne ya tsaya, ya rusuna wa malama, ya riƙe kwalin ba tare da hannu ba har a ƙirga goma. Ya kai bakwai ya faɗi. Malamar ta tafa kamar ya ci gasa, ta ce jiya ai biyar ne. Ba a yi minti goma ba aka sallame shi, ya koma cinyar uwarsa ya ci gaba da kallon na gaba da shi.

Sai 'yar matar da ta nema mana izini, 'yar shekara biyar. Gogenta bai fi tsawon kamu ɗaya ba, amma na gaske ne, da tsirkiya huɗu da sandar gogawa mai izgar doki. Ta shafa wa izgar ƙaro da kanta. Ta kaɗa wata gajeriyar waƙa ba takarda a gabanta. Ni a kunnena babu aibu. Malamar ta yaba sautin tukuna, sannan ta kama babban yatsan yarinyar na dama ta ɗan lanƙwasa shi, ta ɗora wani ɗan zobe a kan tsinin sandar ta ce ta ɗaga ta sama ta sauke kada zoben ya faɗi. Abu ɗaya tak aka gyara a ranar, yatsan nan. Na lura kafaɗarta ma ta ɗan ɗage, malamar ta gani sarai, ta ƙyale. Uwar tana gefe da littafi tana rubuta komai, har ta ɗauki hoton yatsan da waya.

Da yamma aka yi na taro. Manya 'yan shekara goma zuwa sha biyu suka fara da wani kiɗan Vivaldi mai sauri. Ana gamawa aka sauko zuwa mai sauƙi, wasu yaran suka tashi suka shiga sahu, aka sake saukowa wasu suka ƙaru, har aka iso waƙar farko ta littafi na ɗaya, inda kowa ya miƙe, mai kwalin biskit ma ya tsaya a gaba yana rusunawa. Littattafan goma ne, na ƙarshe biyun kiɗan Mozart ne da manyan makaɗa ke yi a dandali, amma wanda ya kai na goma bai fi ƙarfin ya koma na ɗaya ba. Malamar tana tafiya cikinsu tana yi musu tambayoyi suna amsawa hannu bai tsaya ba.

Ina zaune sai na ji kamar na san wurin nan. Allah Ya kiyaye in haɗa Alƙur'ani da kiɗa, hanyar koyarwa nake magana. Yaron da ya tashi kusa da makarantar allo yana jin ƙananan surori tun yana bayan uwarsa. Kafin a rubuta masa harafi ɗaya ya riga ya haddace Fatiha da ƙulhuwallahu daga bakin yayyensa. Malam yana biya masa kaɗan, ba ya ƙara masa sai ya riƙe, ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Ƙarami yana zaune cikin manya yana jin inda za shi. Mai izu arba'in bai daina tilawar izu ɗaya ba. Kowa da saurinsa, babu ranar da ake cewa aji ya wuce ka. In an kai ƙarshe a yi sauka, gari ya taru. Duk wannan muna da shi shekaru aru-aru kafin a haifi Suzuki. Amma da muka shiga ajin boko sai muka ajiye shi a bakin ƙofa: yaro ɗan shekara shida a ba shi harafin harshen da bai taɓa ji ba, a yi masa jarrabawa bayan wata uku, a rubuta masa na arba'in da bakwai cikin hamsin, shi ke nan an raɗa masa suna. Bambanci ɗaya da na gani, kuma babba ne, a ɗakin tsohuwar nan babu dorina, babu tsawa. Yaron da ya yi kuskure dariya ake yi tare da shi a sake.

Kada a ce na dawo da waƙar yabo kawai. An daɗe ana sukar hanyar cewa yaranta suna makara wajen karanta rubutun kiɗa, kuma suna kaɗawa iri ɗaya kamar an buga su a inji. Na ga alamar na biyun da idona, hatta yadda suke karkata kai ɗaya ne. A 2014 wani makaɗi Ba'amurke, Mark O'Connor, wanda shi ma yake da tasa hanyar koyarwa, ya zargi Suzuki da ƙara gishiri a tarihinsa, musamman karatunsa a Berlin da kusancinsa da Albert Einstein. Magoya baya suka amsa cewa darasin gida ya ɗauka wurin Klingler, ba na makaranta ba, kuma 'yar Klingler ɗin, Marianne, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Suzuki ta Turai. Ni wannan rigimar ba ta dame ni ba, almajiran da ya fitar sun isa shaida.

Abin da ya dame ni na ji shi ne a bakin uwar yarinyar, muna shan shayi a gidanta. Ta ce, "Malam, kowa yana kallon yaran ne." Ita aka fara koya wa riƙon goge kafin 'yar, don ta iya gyara mata a gida. Kullum da safe tana kunna kiɗan da za a koya ana cin abinci. Kullum da yamma sai an yi gwaji, ko da kuka ko da rarrashi, don Suzuki ya ce ranar da ba ka ci abinci ba ce kaɗai aka yafe maka. Kuɗin malama ya haura yen dubu goma a wata, goge kuma sai an sauya babba duk lokacin da hannu ya ƙara tsawo. Ta rage aikinta zuwa rabin yini saboda wannan. Na ce yarinyar ba ta gajiya? Ta yi dariya ta ce, "Ni ce nake gajiya." Malama tana ganin yarinya rabin awa a mako, sauran kwana shidan na uwa ne. Suzuki ya yi gaskiya da ya ce kowane yaro zai iya, amma ba kowane yaro ne yake da uwar da ke da wannan sarari ba. Shi kansa ya so gwamnati ta ɗauki tsarin ta shimfiɗa shi ga kowane jariri da kowane fanni, bai samu ba. Tsarin ya tsaya a gidajen masu hali, a Japan da Amurka duka.

Na leƙa babban ginin cibiyar a unguwar Fukashi, inda malamai daga ƙasashe ke zuwa horo, kusa da zauren da ake bikin kiɗan da shahararren jagoran makaɗa Seiji Ozawa ya kafa a 1992. Daga nan muka kama hanyar Nagoya a jirgin Shinano, muka sauka a Kiso-Fukushima, wani ɗan gari a matse cikin kwari. Nan Suzuki ya zauna lokacin yaƙi yana kula da masana'antar katako da ke yi wa jiragen soja kayan aiki, yunwa ta sa su cin ganyayen daji, matarsa kuma tana can Hakone tare da sauran Jamusawa. A garin akwai tsohon shingen zamanin sarakunan Edo, tsohon sunan Tokyo ke nan, a kan tsohuwar hanyar Nakasendo, an sake gina ƙofarsa. Abu biyu masu gadin suka fi bincika: bindigar da za ta shiga babban birni, da macen da za ta fita daga cikinsa, don matan hakimai garkuwa ne a hannun mai mulki. An rushe tsarin a 1869. Na tambayi yaron ko su ma suna karɓar na goro, ya ce, "Kawu, allon bai faɗa ba."

A Nagoya na yi sallah a masallacin garin, na ci shinkafa da kaza a wurin wasu 'yan Pakistan, karo na farko da na ƙoshi tun da na zo. Jirgin nan mai gudun tsiya ya mayar da ni Tokyo cikin awa ɗaya da minti arba'in, a kan yen dubu sha ɗaya. Yaron ya raka ni har Narita, ya cusa mini koren shayi a jaka na kai wa mahaifiyarsa.

Na tarar da Kano hunturu ya fara leƙowa. Da na koma aiki na kai wa shugaban sashenmu shawara: mu ɗauki aji ɗaya a makarantar gwajinmu, mu fara karatun Hausa da kunne, tatsuniya da waƙa da maimaitawa, mu jinkirta jarrabawa, mu kuma roƙi iyaye mata su riƙa zuwa ranar Asabar su zauna a bayan aji. Na gwada kiran iyayen da kaina. Kaɗan ne suka zo, wasu suna kan sana'a, wasu mazan ba su bari ba, wata ta aiko kakar yaron, kuma kakar ta fi kowa riƙe abin da aka faɗa. Shugaban ya ce in rubuto komai a takarda da kiyasin kuɗi. Na rubuta, tana kan teburinsa.